Ummu Kulsum, Tauraruwar Gabas

A cikin mutanen da suka yi suna a ƙasar Masar a ƙarni na ashirin, da sarakuna da shugabanni da manyan malamai, da wuya a sami wanda sunansa ya kai inda na Ummu Kulsum ya kai. Mace ce, 'yar limamin wani ɗan ƙauye, sana'arta kuwa waƙa da wasan kwaikwayo. Ta yi shekara hamsin tana waƙa a birnin Alƙahira, ta fito a silima shida, ta ga sarauta ta faɗi, mulkin soja ya hau, ita kuwa tana nan a matsayinta ba wanda ya ture ta. Larabawa sun yi mata laƙabi da Kaukabus Sharƙi, watau Tauraruwar Gabas. Mutanen Masar kuwa in suka ce Uwargida kurum, ba su ƙara kome ba, to, kowa ya san da ita a ke. Yau an fi shekara hamsin da rasuwarta, amma ɗalibanmu da suka yi karatu a Azhar, da fatake masu zuwa ƙasashen Larabawa, sun san har yanzu ba a raba kasuwa da wurin shan shayi da muryarta. Mun ga ya kamata mu kawo wa masu karatu tarihinta, tun ba malaman makaranta ba, gama abin da ya ɗaukaka ta ya shafi aikinsu.

An haife ta a Tamayuz Zahayira, wani ƙauye a Lardin Daƙahaliyya, cikin ƙasar fadama inda Kogin Nilu ya rarrabu kafin ya faɗa teku. Masu tarihi sun saɓa a kan shekarar, waɗansu sun ce 1898, waɗansu kuwa 1904. Sunan ubanta Shaihu Ibrahim Albaltaji, shi ne limamin masallacin ƙauyen, sunan uwarta Fatima. Tana da ya, Sayyida, da wa, Halidu. Abin da liman ke samu bai isa riƙon gida ba, saboda haka ya kan tafi wuraren biki da mauludi a ƙauyukan kewaye, shi da ɗansa da wani ɗan ɗan'uwansa, suna rera begen Annabi da ƙasidu, a ba su ɗan abin da ya sawwaƙa.

Da yarinyar ta ga wanta yana zuwa makarantar allo, sai ta nace ita ma sai ta je. Kuɗin da a ke biyan malam bai taka kara ya karya ba, amma ga gidan da ke neman na tuwo ko anini nauyi ne. Uban ya so ya cire ta, uwar ta yi ta roƙonsa har ya haƙura. Wannan ɗan roƙo na Fatima, wanda ba wanda ya kula da shi a ran nan, shi ne tushen duk abin da za mu faɗa nan gaba. A makarantar ta haddace surori masu yawa, ta koyi fitar da kowane harafi daga mafitarsa, ta san inda a ke ja, da inda a ke tsayawa, da inda a ke gunna. Duk wanda ya taɓa durƙusawa gaban alaramma ya san horon da ke cikin wannan. Daga baya, sa'ad da ta zama abin da ta zama, masana waƙa na Masar sun haɗu a kan cewa babu mawaƙin da ya kai ta fitar da kalma sarai. Ko da ta ja baiti, ta lanƙwasa shi yadda ta ga dama, harafi ɗaya ba ya ɓace wa mai sauraro. Ita kanta ta sha danganta wannan ga karatun Alƙur'ani.

Waƙa kuwa satar ji ta yi. In uban yana koya wa Halidu ƙasidu, tana gefe tana kasa kunne, in ta keɓe sai ta maimaita. Wata rana uban ya ji ta, ya yi mamakin ƙarfin muryarta da kaifin haddarta, ya shigar da ita cikin darasin. Farkon fitarta a gidan dagacin ƙauyensu ne, ran da Halidu ba shi da lafiya. Aka yaba, labari ya bazu, aka shiga kiran liman ana cewa ya zo da yarinyar. Amma shi yana jin nauyin a ce 'yarsa ce ke tsayawa gaban maza, sai ya sa mata riga da ɗaurin kai irin na yaran Larabawan daji, wanda bai sani ba sai ya ce namiji ne. A haka suka yi shekaru suna zaga ƙauyuka da garuruwan fadamar Nilu, da fari a ƙasa, sa'an nan a kan jakuna, daga baya a jirgin ƙasa cikin taragon talakawa. Ladan da a ke ba su ya yi ta hauhawa.

Kada masu karatu su yi mamakin dabarar liman. Yadda mu ke ɗaukar roƙo da zabiyanci a nan ƙasar, kusan haka mutanen Masar suka ɗauki mace mai waƙa a wancan zamani. Ana son a ji ta, ana yi mata kari, amma ba mai son a ce 'yarsa ce ko matarsa. Da yawa daga mawaƙan mata na Alƙahira a gidajen shagali su ke sana'a, inda a ke shaye-shaye. Wannan raini shi ne dutsen da ke gaban Ummu Kulsum, ture shi kuwa ya fi koyon waƙa wuya.

Waɗansu gwanaye biyu na birni, Shaihu Zakariyya Ahmad da Shaihu Abul Ila Muhammad, suka ji ta, suka ƙarfafa wa uban gwiwa ya kawo ta Alƙahira. Wajen 1923 suka ƙaura. Da isarta ta tarar birni yana da nasa gwanayen. Munira Almahadiyya ita ce sarauniyar dandali a lokacin, tana da ƙungiyar wasan kwaikwayo ta kanta, manyan ƙasa suna zuwa kallonta, ga kuma Fatahiyya Ahmad mai zaƙin murya. 'Yan birni suka yaba muryar baƙuwa, amma suka yi dariyar shigarta da ta 'yan amshinta masu rawuna, waɗanda ke tsaye bayanta ba kiɗa ba kome. Suka ce abin ƙauye ne.

Abin da ta yi a 'yan shekarun da suka biyo baya, nan ne ya kamata a tsaya a duba. Yarinyar da ta riga ta saba da tafi a lardinsu ta mai da kanta ɗaliba. Shaihu Abul Ila ya koya mata yadda a ke rera ƙasida, murya ta bi ma'ana, ya riƙe ta har ya rasu a 1927. Ta koyi kaɗa udu, wani abin kiɗa mai tsirkiya, ɗan'uwan garaya amma ya fi ta faɗin ciki. A 1924 ta sadu da Ahmad Rami, wani sha'iri ma'aikacin babban ɗakin littattafai na Masar, wanda bai daɗe da komowa daga birnin Paris ba, inda ya koyo Farisanci. Rami ya riƙa kawo mata diwanan sha'iran Larabawa na dā, suna karantawa tare, yana warware mata ma'ana da ma'aunin baiti, har ta kai ga rarrabe waƙa mai kyau da maras kyau da kanta. Shi ne ya rubuta mata waƙa fiye da ɗari a tsawon zamansu. Gidan Abdur Raziƙ kuma, gidan ilmi da dukiya, wanda ɗansu Shaihu Mustafa ya zama Shaihun Azhar a 1945, suka jawo ta jiki. A wurin matan irin waɗannan gidaje ta koyi sutura da zama da magana irin ta manya.

A 1926 wata mujalla ta masu wasan kwaikwayo ta buga maganganu na ɓatanci a kan mutuncinta. Ran liman ya ɓaci ƙwarai, ya ce su tattara su koma ƙauye, sai da abokan arziki suka taru suka ba shi haƙuri. A cikin shekarar nan kuma ta yanke shawarar da ta sāke mata rayuwa. Ta sallami 'yan amshinta na gida, ta ɗauko makaɗa waɗanda ba su da na biyu a birnin: Muhammad Alƙasabji a kan udu, Muhammad Al'aƙƙad a kan ƙanun, wani faffaɗan abin kiɗa mai tsirkiya da yawa da a ke ɗora wa a cinya, da Sami Shawwa a kan goge irin na Turawa. Ta ajiye shigar maza, ta sa doguwar riga ta mutunci. A ce 'ya ta ce wa ubanta da wanta su sauka daga dandali su koma gefe, wannan ba ƙaramin al'amari ba ne a gidan malamai, ko can ko nan. Amma ba ta rabu da su ba, Halidu ya ci gaba da kula da waɗansu al'amuranta, uban kuwa ya ga ɗaukakarta kafin ya rasu a 1932.

Kamfanin Odeon ya fara ɗaukar muryarta a faifan garmaho tun wajen 1924, daga baya ta koma kamfanin Gramophone da ya fi biya. A 1928 wata waƙa da Rami ya rubuta, Alƙasabji ya sa mata kari, ta yi kasuwar da ba a taɓa ganin irinta ba a Masar, daga nan kuwa Munira ta san an sha gabanta. A 1932 ta je har Bagadaza ta yi waƙa. Da gwamnati ta buɗe gidan rediyonta ran 31 ga Mayu, 1934, Ummu Kulsum tana cikin waɗanda suka yi waƙa a daren farko. A wajen ciniki kuwa ba ta da wasa. Ita ke zama ta yi yarjejeniya da kamfanoni da bakinta, ta faɗi kuɗinta ta tsaya a kai, daga baya ma ta kori 'yan tsakiya ta riƙa shirya wasanninta da kanta. Waɗansu sun kira wannan rowa. Mu dai da muka san yadda dillalai ke cinye gumin masu fasaha, su tsufa ba su da ko ɗakin kwana, ba mu ga laifinta ba.

Sai maganar silima. Muhammad Abdul Wahhab, wanda shi ne takwaranta a cikin mawaƙa maza, ya riga ta shiga tun 1933, ya kuwa ci riba. A 1935 Ɗal'at Harb, attajirin nan da ya kafa Bankin Masar, ya gina babban gidan shirya silima a Alƙahira, don kada Masarawa su riƙa dogara ga Turai a wannan sana'a. Silimar farko da gidan ya fitar ita ce Widad, a 1936, Ummu Kulsum ce kuwa tauraruwarta. Labarin wata kuyanga ce mai murya a zamanin Mamaluka, wadda 'yan fashi suka washe ayarin ubangijinta ya talauce, ita da kanta ta ce ya kai ta kasuwa ya sayar, ya sami jarin da zai tashi. Silimar ta karɓu, har aka kai ta bikin nuna silima na birnin Venice a Italiya, abin da ba a taɓa yi wa silimar Masar ba kafin nan.

A 1937 ta fito a Nashidul Amal, a matsayin matar da mugun miji ya yasar da ita da 'yarta, wani likita ya taimake ta ta zama mawaƙiya. A 1940 aka yi Dananir, wadda labarinta ba zai zama baƙo ga wanda ya karanta Dare Dubu da Ɗaya ba, gama a fadar Haruna Rashid a ka kafa shi. Dananir yarinya ce ta daji, waziri Ja'afaru Barmaki ya ji muryarta ya kawo ta Bagadaza aka horar da ita. Da halifa ya kashe Ja'afaru ya rushe gidan Barmakawa, ya nemi ta yi masa waƙa, sai ta ƙi, ta riƙe amanar wanda ya yi mata alheri ko da za a sare kanta. A'ida ta 1942 ba ta yi kasuwa ba, an cusa mata wani dogon wasan waƙa irin na Turawa wanda 'yan kallo ba su saba da shi ba. Sallama ta 1945, wadda Togo Mizrahi ya shirya, ta mai da hasarar. A cikinta ta fito a matsayin baiwa mai kiwon tumaki a zamanin Banu Umayya, Bairam Attunisi ya rubuta waƙoƙin da harshen mutanen daji, Zakariyya Ahmad ya sa wa galibinsu kari, har akwai wurin da ta karanta ayoyin Alƙur'ani da ƙira'a, jama'a suka ji horon makarantar allo da kunnensu. Ta ƙarshe ita ce Fatima, a 1947, labarin wata ma'aikaciyar jinya 'yar unguwar talakawa, wadda ƙanen wani Basha ya aura a ɓoye, da ta haihu ya yi musun ɗan, mutanen unguwa suka tsaya mata har alƙali ya ba ta gaskiya.

In za a faɗi gaskiya, Ummu Kulsum ba ta kai waɗansu 'yan zamaninta iya kwaikwayo ba. Laila Murad da Asmahan sun fi ta sakin jiki gaban na'urar ɗaukar hoto, ita kuwa sau da yawa sai a ga kamar jira ta ke yi a zo wurin waƙa. Amma a dubi irin matan da ta yarda ta fito a matsayinsu. Kuyanga, baiwa, sakakkiya, 'yar talakawa, dukansu marasa gata, dukansu kuma masu amana da kamun kai, waɗanda masu dukiya suka raina sa'an nan suka ji kunya. Galibinsu ma mawaƙa ne. Ba mu tsammanin wannan dace ne kawai. Ita ke zaɓen labari, ita ke duba waƙoƙi, kowace silima kuwa tana gaya wa 'yan kallo cewa mace tana iya waƙa ta kuma zama mutuniyar kirki. Bayan Fatima ba ta sāke yin silima ba. Ciwon maƙoƙo ya kama ta ya taɓa mata idanu, fitilun nan masu ƙarfi na gidan silima suna yi mata lahani, shi ya sa a hotunanta na baya a kan gan ta da baƙin tabarau.

Dandalinta na ainihi shi ne na daren Alhamis. Tun daga 1937 ta ɗauki al'adar yin wasa a Alhamis ta farko ta kowane wata, daga shigowar sanyi zuwa farkon zafi, rediyo yana watsawa kai tsaye, ta kuwa riƙe wannan al'ada shekara talatin da shida. A irin wannan dare tituna su kan yi tsit a Alƙahira. Mai rediyo ya kan tara maƙwabta, a dafa shayi, masu kanti su rufe da wuri. Masu hali su kan hau jirgin sama daga waɗansu ƙasashen Larabawa don su kwana ɗaya su ji ta su koma. Da ƙaramar rediyo mai batir ta yawaita, sai manomi a bukkarsa da makiyayi a hamada suka shiga cikin taron.

Yadda wasan ya ke, sai dare ya yi a ke buɗe labule. Makaɗa su fara share fage, ita tana zaune a kujera a gabansu, in sun kai wurin shigarta sai ta miƙe, da adiko a hannu wanda ta kan murɗe shi in waƙa ta yi zafi. Ba ta rawa, ba ta kai da kawowa, ta kan ma ja baya kaɗan daga makirfo saboda ƙarfin muryarta. Waƙa biyu ko uku kaɗai ta kan yi, amma kowace ɗaya ta kan ci sa'a guda ko fiye, da hutu a tsakani, sai tsakar dare ta wuce da nisa a ke tashi. Dalilin tsawon shi ne maimaici. Ta kan ɗauki baiti ɗaya ta rera, jama'a su yi kururuwa su roƙi ta koma, ta koma ta wata hanya dabam, ta danne wata kalma ta saki wata, ta hau inda ta sauka a dā, har sau goma ko fiye, ba guda biyu da suka yi kama. Larabawa suna da kalma, ɗarab, watau halin da mai sauraro ke shiga in waƙa ta ratsa shi har ya manta da kansa, wannan kuwa shi a ke zuwa nema. Wanda ya ga haka sai ya ce baiwa ce kurum. Amma makaɗanta sun ba da labarin yadda ta kan tsare su watanni ana gwajin waƙa ɗaya, ta sa sha'iri ya sāke kalma, ta mai da wa mai kari aikinsa ya gyara, ba ta fitar da abu sai ta tabbata ya nuna.

A shekarun 1940 ta riƙe hanya biyu. Ta ɗaya, waƙoƙin Bairam da Zakariyya da Larabcin kasuwa, na raha da hikimar talakawa. Ta biyu kuwa, wadda ta fi ba mu mamaki, ita ce ta ƙasidu masu zurfin Larabci. A 1946 ta ɗauko ƙasidun begen Annabi na Ahmad Shauƙi, wanda a ke kira Sarkin Sha'irai, cikinsu har da Nahajul Burda wadda ya yi a kan ma'aunin Burda ta Busiri da malamanmu suka sani, Riyad Assunbaɗi ya sa musu kari. Waɗansu sun yi mata gargaɗi cewa jama'a ba za su gane ba. Sai ga leburori da direbobi waɗanda ba su taɓa riƙe alƙalami ba suna rera baitocin Shauƙi a kan hanya. A ɗaya daga cikin ƙasidun akwai wani baiti na zuga himma wanda jama'a suka juya shi kan Ingilishi masu riƙe da ƙasarsu, in ta zo wurinsa sai ɗaki ya ɗauka. A 1950 ta rera Ruba'iyyat na Umar Hayyam, wanda Rami ya fassara daga Farisanci. Malamin da ya sha wahalar sa yara su haddace baiti huɗu zai san girman aikin macen da ta sa al'umma guda ta haddace ƙasidu ba bulala.

A 1944 Sarki Faruƙu ya ba ta lambar girma ta Nishanul Kamal, wadda a ka saba ba matan gidan sarauta da na manyan ƙasa. Amma da Sharif Sabri Basha, kawun Sarki, ya nuna yana son aurenta, sai gidan sarauta suka hana. Ashe 'yar ƙauye mai waƙa ta isa a rataya mata lamba, ba ta isa a haɗa jini da ita ba. Abin ya yi mata ciwo, ga rashin lafiya, ga rasuwar uwarta a 1947, har aka yi zaton za ta bar sana'ar.

Ba za mu ɓoye abin da a ka zarge ta da shi ba. Ta shugabanci ƙungiyar makaɗa da mawaƙa shekaru da dama, tana kuma cikin kwamitin da ke tace waƙoƙin da za a sa a rediyo, waɗansu mawaƙa kuwa sun yi kukan cewa ta yi amfani da wannan iko ta tare musu hanya. Ta yi shari'a da Zakariyya Ahmad a kan kuɗi, mutumin da ya taimaka aka kawo ta birni, suka yi shekara fiye da goma ba su aiki tare, sai a 1960 suka shirya, ya rasu a shekara mai bi. Mai tsanani ce, tsananin da ya gyara waƙarta kuwa bai bar abokan aikinta ba.

A yaƙin Falasɗinu na 1948 an tsare wata rundunar Masar a Faluja, cikin hafsoshinta akwai wani saurayi, Jamal Abdul Nasir. Da rundunar ta komo, Ummu Kulsum ta yi musu liyafa a gidanta. Sa'ad da soja suka tuɓe Faruƙu a watan Yuli, 1952, wani mai rawar kai ya hana sa waƙoƙinta a rediyo, wai ta yi wa tsohon Sarki waƙa. Ana ba da labarin cewa da Nasir ya ji, sai ya tambaya ko za a rushe dalar Fir'auna a kuma tare Nilu, tun da su ma sun yi zamani da Sarki. Nan da nan aka janye hanin. A 1953 ta je Amurka aka yi mata magani a asibitin sojan ruwa kusa da Washington, a 1954 kuma ta auri likita Hasan Alhifnawi, masanin ciwon fata. Allah bai ba su haihuwa ba. Waƙar da ta yi lokacin yaƙin Suwes na 1956 ita ce ta zama taken ƙasar Masar daga 1960 har 1979.

Ta tsufa ba ta bar zamani ya wuce ta ba. Ta jawo samari irin su Baligh Hamdi suka yi mata kari. A watan Fabrairu, 1964, bayan shekaru masu yawa ana gasa tsakaninta da Abdul Wahhab, Nasir ya sa baki suka haɗu a kan waƙar Inta Umri, wadda har jita mai lantarki a ka sa a cikinta. Tsofaffin masoyanta suka yi gunaguni, samari suka yi murna. A 1966 ta koma ga Assunbaɗi suka fitar da Al'aɗlal, ƙasidar likita Ibrahim Naji, wadda masana da yawa ke ɗauka ita ce ƙololuwar aikinta.

A watan Yuni, 1967, Isra'ila ta ci Masar da yaƙi cikin kwana shida, ƙasa ta shiga baƙin ciki da talauci. Ummu Kulsum, tana da shekara sittin da wani abu, ga ciwo, ta ba da kayan adonta, ta bi lardunan Masar tana waƙa tana tara gudummawa, sa'an nan ta fita waje. A watan Nuwamba ta yi dare biyu a gidan wasa na Olympia a Paris, ba ta taɓa yin wasa a Turai ba sai wannan. A 1968 ta je Maroko da Kuwait da Tunisiya da Labanan da Sudan, a 1969 ta je Libiya, duk abin da a ka samu ta zuba a baitulmalin gwamnati. Aka ba ta fasfo irin na jakadu, shugabanni suna tarbarta kamar shugaba. A Hartum ta nemi a kawo mata waƙoƙin sha'iran Sudan, ta zaɓi ta wani malamin makaranta, Alhadi Adam, ta rera ta a 1971. Tana birnin Mosko za ta yi wasa labarin rasuwar Nasir ya iske ta a ƙarshen Satumba, 1970, ta fasa ta komo gida.

Wasanta na ƙarshe shi ne na ran 4 ga Janairu, 1973. Ciwon ƙoda ya ci ƙarfinta, aka yi ta magani a gida da waje. Ta rasu ran 3 ga Fabrairu, 1975, a asibitin soja na Ma'adi a Alƙahira. Allah ya jiƙanta. Aka jinkirta jana'iza kwana biyu don baƙi na nesa su iso. Aka yi mata salla a masallacin Umar Makram, da aka fito da makara sai jama'a, waɗanda a ka ƙiyasta sun kai miliyoyi, suka karɓe ta daga hannun masu ɗauka, suka yi ta miƙa wa juna a kan kafaɗu cikin titunan birni har wajen sa'a uku, suka kai ta masallacin Sayyidina Husaini. Sai da limamin wurin ya tuna musu cewa mace ce mai addini, kuma gaggauta binne mamaci shi ne sunna, sa'an nan suka sake ta aka kai ta maƙabartar Basatin.

Gidanta na unguwar Zamalik an rushe shi bayan 'yan shekaru, aka gina otal a wurin. A watan Disamba, 2001, gwamnati ta buɗe gidan ajiye kayanta a tsibirin Rauda, daura da tsohuwar rijiyar nan da a ke auna cikar Nilu. A ciki aka jera rigunanta da adikanta da tabaranta, da lambobin girma, da fasfon jakadanci, da faya-fayan garmaho, da takardun waƙoƙi na rubutun hannu.